Haddar Azancin Turawa: Ina Riba, Ina Hasara?

Gabatarwa

Duk wanda ya biyo ta makarantar sakandare a ƙasar nan ya san waɗansu 'yan shafuka da akan ajiye a ƙarshen littafin nahawun Ingilishi, inda ake jera maganganun nan da Turawa ke kira "idioms". Tsarin ɗaya ne ko'ina: magana a hagu, ma'anarta a dama, ɗalibi kuwa ya haddace kamar yadda yake haddace jadawalin lissafi. Dalilin haddar ba ɓoyayye ba ne. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, wadda aka kafa a 1952, takan kawo irin waɗannan maganganu cikin takardar Ingilishi, ta ce ɗalibi ya zaɓi ma'anar da ta dace daga cikin waɗanda aka jera masa. Wanda ya haddace ya ci, wanda bai haddace ba ya yi canki-canka.

Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne, wannan hanya takan ba ɗalibi ma'ana tsirararta, ta hana shi abubuwa biyu da suke tafiya tare da ita, watau hoton da aka gina maganar a kansa, da kuma wurin da ya dace a faɗe ta. Kada mai karatu ya ɗauka wannan damuwa ce ta masu koyar da Ingilishi kaɗai. Daga cikinmu, mu ɗaliban Hausa, ake samun masu fassara labarai a gidajen rediyo da talabijin, da tafintoci a kotuna da asibitoci, da marubutan jaridu. Kuskuren da ɗalibi ya yi a takardar jarrabawa malaminsa kaɗai ke gani, amma wanda tafinta ya yi a gidan rediyo yakan shiga kunnen dubban mutane a lokaci guda, kuma ba su da hanyar da za su gane an yi musu kuskure.

Mece ce maganar azanci?

A nan zan riƙa kiran waɗannan maganganu da sunan maganganun azanci. Abin nufi shi ne 'yar gajeruwar magana wadda ba a samun ma'anarta ta hanyar tara ma'anonin kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan. In aka ce wane yana da farin jini, ba wanda zai kai shi asibiti a duba launin jininsa. In aka ce ɓarawo ya ranta a na kare, ba wanda zai tambayi ranar biyan bashin. Haka nan dogon hannu, da cin fuska, da shan kashi, da ɓatan wata. Baƙon da ya san kowace kalma a cikinsu daga ƙamus zai iya tsayawa sororo bai fahimci kome ba.

Siffa ta biyu ita ce, maganar azanci ba ta yarda a taɓa ta. Ba a cewa mutum ya ranta a na kyanwa, ko da yake kyanwa ma tana gudu. To, haka abin yake a Ingilishi. Suna cewa "kick the bucket" da nufin mutuwa, amma in ka sauya bokitin da wata kalma mai ma'anar bokiti, ko ka ce bokitai biyu, azancin ya watse, sai maganar ta koma shurin bokiti na gaske.

Ya kamata kuma a bambanta ta da karin magana. Karin magana jimla ce cikakkiya mai ɗauke da darasi, tana iya tsayuwa ita kaɗai. Turawa sukan ce tsuntsu ɗaya a hannu ya kai biyu da ke cikin daji, mu kuwa mu ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Maganar azanci guntuwa ce, sai an saƙa ta cikin jimla. Wannan ne ma ya sa ta fi karin magana haɗari ga mai fassara, don karin magana yakan sanar da zuwansa, ita kuwa takan shige cikin zance a sace, sanye da rigar kalmomin yau da kullum.

Hoton da ke bayan magana

Kowace maganar azanci hoto ce da aka ɗauko daga rayuwar masu harshen. Turawan Ingila mutanen tsibiri ne masu jiragen ruwa da ma'adinin kwal da sanyin hunturu mai daskarar da kogi, kuma sun daɗe suna karanta Littafi Mai Tsarki na Kirista da tatsuniyoyin Girkawa. Daga waɗannan wurare yawancin azancinsu ya fito. Bari mu ɗauki kaɗan.

Suna cewa "carry coals to Newcastle", watau kai kwal garin Newcastle. Wannan gari yana arewa maso gabashin Ingila a bakin kogin Tyne, kuma shekaru aru-aru daga nan ake loda kwal a jiragen ruwa zuwa Landan. Wanda ya kai kwal can ya yi aikin banza, ya kai abu inda ya fi yawa. Da Bahaushe ne ya ƙagi maganar, da sai ya ce kai goro Gwanja, ko kai gishiri Bilma. Abin lura a nan shi ne, babbar mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe a Birtaniya, wadda ke Kellingley, an rufe ta a 2015, amma maganar ba ta mutu tare da ramukan ba. Azanci yakan fi abin da ya haife shi tsawon rai.

Suna kuma cewa "at the eleventh hour". Asalinta wani misali ne a Linjilar Matta, sura ta 20, na mai gonar inabi da ya riƙa ɗaukar 'yan ƙodago tun da sassafe har yamma. A ƙidayar wancan zamani daga fitowar rana ake fara lissafin sa'o'i, saboda haka sa'a ta 11 ta faɗo wajen ƙarfe 5 na yamma, saura sa'a guda a tashi daga aiki. Ma'anar maganar ke nan: a ƙurarren lokaci. Tafintan da bai san wannan ba, in ya ga an ce an sasanta rikici "at the eleventh hour", sai ya shaida wa jama'a cewa da ƙarfe 11 aka sasanta, ya ƙara wa labari abin da babu a cikinsa.

Kalmar "scapegoat" ma daga addini ta fito. William Tyndale ne ya ƙirƙire ta a fassararsa ta Attaura zuwa Ingilishi a 1530, don ya bayyana bunsurun nan na Littafin Firistoci, sura ta 16, wanda ake ɗora wa zunuban jama'a a kore shi cikin jeji. Yau ana faɗinta ga mutumin da aka ɗora wa laifin da wasu suka yi don su tsira. Sau da yawa nakan ji an fassara ta da saniyar ware, alhali kuwa saniyar ware ita ce wadda aka ƙaurace wa, ko an ɗora mata laifi ko ba a ɗora ba. Abin da ya fi kusa shi ne a ce an rataya masa jakar tsaba, ko kuwa a faɗa kai tsaye cewa an ɗora masa laifin wasu.

Wadda ta fi nuna haɗarin rashin sanin hoto ita ce "white elephant". Daga ƙasar Siyam ta samo asali, wadda aka sauya wa suna zuwa Tailan a 1939. A can farar giwa dabba ce mai alfarma, ta sarki ce, ba a sa ta aiki, ga shi kuwa ciyar da ita sai mai hali. Labarin da Turawa ke bayarwa shi ne, in sarki ya so ya talauta bafade sai ya yi masa kyautar irin wannan giwa. Saboda haka ma'anar maganar ita ce abu mai cin dukiya ba ya kawo amfani. Jaridun Ingilishi na ƙasar nan sun sha kiran kamfanin ƙarafa na Ajakuta da wannan suna, wanda Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinsa a 1980. To, yanzu a ce mai fassara ya ce da masu sauraro Ajakuta farar giwa ce. Giwa a wurin Bahaushe alamar girma da ƙarfi ce, da ita ake yi wa sarakuna kirari, fari kuwa alheri yake nufi, kamar a farin ciki da farar aniya. Mai sauraro zai tashi da cewa an yabi kamfanin, alhali suka aka yi. Kalmomi sun zo daidai, saƙo ya juye.

Amma a nan sai a yi hattara, don sanin asali ba shi ne sanin ma'ana ba. A tatsuniyar Girkawa da ake dangantawa ga Aesop, zaki ya yi farauta da waɗansu dabbobi, da aka zo rabo ya haɗiye naman duka. Yau kuwa in Bature ya ce "the lion's share", kaso mafi tsoka yake nufi, ya bar wa saura ɗan abin da za su taɓa. Ma'anar da masu harshe ke amfani da ita yau ita ce hujja. Bugu da ƙari, akwai labaran asali da yawa da ke yawo a intanet waɗanda ƙage ne kawai, irin wanda ke cewa wai karnuka da kyanwoyi ne ke zamowa daga rufin ciyawa in ana ruwa, shi ya sa ake cewa "raining cats and dogs". Labari ne mai daɗin ji, amma masana tarihin kalmomi ba su karɓe shi ba. Ɗalibin jami'a bai kamata ya maimaita irin wannan a gaban aji ba sai ya duba littafi mai hujja, kamar babban ƙamus na Oxford, wanda ke kawo shekarar da aka fara ganin magana a rubuce.

Wurin faɗa da mai faɗa

Nan ne babban aibin jerin hagu da dama yake. Jerin yakan rubuta "kick the bucket", ya sa "mutuwa" a gabanta, ya wuce. Bai yi ƙarya ba, amma ya ɓoye abin da ya fi muhimmanci. Wannan magana tana cikin ƙamus ɗin da Francis Grose ya wallafa a 1785, kuma ƙamus ne na maganganun 'yan tasha da ɓarayi da mashaya na Ingila. Har yau maganar raha ce da rashin ganin girma. Mu dubi yadda Hausa ta yi wa mutuwa matakai. Akwai Allah ya yi masa rasuwa, da ya riga mu gidan gaskiya, waɗanda ake faɗa a zauren makoki. Akwai ya mutu, wadda ba ta da ado. Akwai kuma ya sheƙa barzahu, wadda ba mai hankalin da zai faɗe ta a gaban 'ya'yan mamaci. Ingilishi ma haka: "pass away" ta ladabi ce, "die" ta tsaka-tsaki, "kick the bucket" kuwa ƙanwar sheƙa barzahu ce. Ɗalibin da ya haddace jeri, ya zauna rubuta wa malaminsa takardar ta'aziyyar mahaifi, ya so ya nuna ya iya Turanci, in ya ɗauko wannan magana ya ci mutuncin mutum yana zaton gwaninta ya yi. A takardar jarrabawa da ya sami maki.

Magana kuma tana da shekaru. Akwai wadda ta tsufa har masu ita suka gaji da ita. Ita "raining cats and dogs" ɗin nan, wadda ba jerin da ba ta ciki, Jonathan Swift ya sa ta a wani littafinsa na 1738, kuma littafin na shaguɓe ne ga masu hali na zamaninsa da ke cika hira da maganganun da aka tauna aka tauna. Ke nan kusan shekara 300 da suka wuce ma an riga an ɗauke ta tsohon yayi. Haka George Orwell, a maƙalarsa ta 1946 a kan siyasa da harshen Ingilishi, ya soki marubutan da ke ɗebo irin waɗannan matattun hotuna don gudun wahalar tunani, har ya nuna cewa wasu kan rubuta "tow the line" a maimakon "toe the line", abin da ke tona cewa ba su ga hoton da ke cikin maganar ba, watau mutum ya tsaya yatsun ƙafarsa a kan layin da aka shata masa. Abin da masu harshe ke gargaɗin 'ya'yansu a kai, shi mu muke ba ɗalibai lada in sun cusa. Sakamakon shi ne insha'in da kowace jimla tasa ke sanye da kayan aro, kamar amaryar da aka lafta wa ado har ba a ganin fuskarta.

Magana tana da ƙasa kuma. A majalisar Birtaniya, in aka ce "table" a kan wata shawara, ana nufin a gabatar da ita a tattauna. A majalisar Amurka kuwa ana nufin a jingine ta. Winston Churchill ya ba da labari a littafinsa na tarihin Yaƙin Duniya na Biyu cewa hafsoshin ƙasashen biyu sun taɓa yin doguwar gardama a kan wannan kalma kafin su gane abu ɗaya suke so. Majalisunmu na Nijeriya ma'anar Birtaniya suke bi. Saboda haka mai fassara labarin majalisar Amurka da ya tafi da abin da ya saba ji a gida zai ce an gabatar da ƙuduri, alhali an ajiye shi ne. In Turawa da kansu sun yi tuntuɓe a nan, ina ga wanda abin da ya riƙe duka layi ɗaya ne na hadda?

Tarkon da ke tsakanin harsuna biyu

Akwai wani tarko da jerin da aka rubuta a Landan ba zai taɓa gani ba, don namu ne mu kaɗai. Shi ne inda maganar Ingilishi ta yi kama da wata ta Hausa a kalmomi, amma ma'ana ta raba hanya. Alal misali, "pull someone's leg" zolaya ce, watau ka gaya wa mutum abin da ba shi ne ba don wasa. In aka juya ta kalma da kalma sai a faɗa cikin jan ƙafa, wanda a Hausa jinkiri ne da nawa. Maganar Ingilishi da ta yi daidai da jan ƙafa ita ce "drag one's feet". Haka nan "bad blood" gaba ce da ƙullatar juna tsakanin mutum biyu, baƙin jini kuwa hali ne na mutum ɗaya wanda jama'a ba sa so ko bai yi musu kome ba. In an ce akwai "bad blood" tsakanin gwamna da mataimakinsa, ba sa ga-maciji da juna ke nan, ba wanda ya ce ɗayansu baƙin jini gare shi. Har ila yau "the long arm of the law" yabo ne ga ikon hukuma na cim ma mai laifi duk inda ya shiga, amma ka ce shari'a tana da dogon hannu ka ji abin da Bahaushe zai fahimta: ka kira alƙali ɓarawo.

Maganin wannan ba nesa yake ba, yana cikin rumbunmu. Hausa tana da takwarorin yawancin waɗannan maganganu, sau da yawa ma hotonmu ya fi nasu fitowa a kunnen namu mutane. Ruwan karnuka da kyanwoyi shi ne ruwa kamar da bakin ƙwarya. "Let the cat out of the bag" shi ne fasa ƙwai. "Bury the hatchet", wadda Turawa suka samo daga al'adar 'yan asalin Amurka ta Arewa ta binne gatarin yaƙi in an yi sulhu, ita ce mai da wuƙa kube. "Throw in the towel", daga damben Turawa inda mai kula da ɗan dambe ke jefa tawul cikin fage in yaronsa ya galabaita, ita ce miƙa wuya. "Black sheep" shi ne wanda ya fita zakka a gidansu. "Red tape", daga jan zaren da ake ɗaure takardun hukuma da shi, shi ne je-ka-ka-dawo na ofis. Wanda ya kashe mutum "in cold blood" kisan gilla ya yi. Tafintocin da suka riga mu sun nuna ana iyawa, don su ne suka kira zaman doya da manja da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet yaƙin cacar baka. Da sun ce yaƙin sanyi, da manomi ya zaci da hunturu aka gwabza.

Duk da haka, neman takwara ma yana da nasa rami. Wani lokaci takwarar takan yi kusa amma ba ta kai ba. Dubi "the tip of the iceberg". Tsaunin ƙanƙara da ke yawo a teku, wajen kashi 9 cikin 10 nasa a ƙarƙashin ruwa yake, ɗan kansa kawai ake gani. Akan fassara ta da somin taɓi. Amma somin taɓi zancen lokaci ne, watau yanzu aka fara, babban abu yana tafe. Maganar Turawa kuwa zancen ɓoyuwa ce, watau babban abin yana nan tun tuni, ganinsa ne ba a yi ba. In kwamitin bincike ya ce kuɗin da ya gano an sace "tip of the iceberg" ne, to, ba cewa ya yi za a ƙara sata gobe ba, cewa ya yi abin da aka riga aka sace ya ninka wanda aka gano. A irin wannan wuri gara mai fassara ya haƙura da ado, ya faɗi ma'ana a fili.

Masu cewa a bar harshe ya yi aro

Na san akwai malamai da ɗalibai da za su ce na cika tsanani, harshe rayayye ba ya rabuwa da aro. Gaskiyarsu. Ingilishi da kansa daga Sinanci ya fassaro "lose face" kalma da kalma a ƙarni na 19, yau kuwa ba Baturen da ke jin baƙuncinta. Hausa ma ta yi aro mai yawa daga Larabci ta narkar da shi. Ba ni da ja da aro in ya ci jarrabawa guda: mutumin da bai taɓa shiga ajin boko ba, in ya ji maganar, zai kama nufinta daga zancen? Hawayen kada, wadda aka juyo daga "crocodile tears", tana iya wucewa, don mun san kada, mun san ba tausayi gare shi ba, wanda ya ji an ce azzalumi na zubar da hawayen kada zai gane kukan munafunci ake nufi. Amma a ce gwamnati ta ba da koren haske, ko baƙo ya fasa ƙanƙara a wurin taro, wannan sai wanda ya riga ya san Ingilishin ya mai da maganar can cikin zuciyarsa kafin ya fahimta. Fassarar da sai mai jin Turanci ke ganewa ba ta yi wa kowa aiki ba, don shi mai jin Turancin ba ya bukatarta.

Wasu kuma za su ce, ai Ingilishi ya zama namu, muna da namu azancin. Wannan ma haka ne. Ɗan Nijeriya yakan ce "more grease to your elbow" inda Baturen Ingila ke cewa "more power to your elbow". A nan "go-slow" cinkoson motoci ne, a Ingila kuwa ma'aikata ne ke rage saurin aiki da gangan don nuna fushi. A watan Janairu na 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Ingilishin Nijeriya, cikinsu har da Kannywood, da "rub minds", watau yin shawara tare, da "put to bed" da ma'anar haihuwa. Ban ga abin kunya a cikin waɗannan ba. Sai dai su ma hujja ce ga abin da nake faɗi. Likitan Landan da aka gaya wa mace ta yi "put to bed" zai tambaya wane yaro ta kwantar. Magana daidai ce a Kano, a wata ƙasa kuma ta rikita mai ji, saboda haka ɗalibi yana bukatar a gaya masa iyakar ƙasar kowace magana, abin da jerin hagu da dama ba ya yi.

Kammalawa

Shawarata ga malamanmu ita ce, kada a koyar da maganar azanci ita kaɗai kamar marainiya. A kawo ta cikin zance na gaske, a nuna wa ya faɗe ta, ga wa, a wane wuri, sa'an nan a tambayi aji yadda Bahaushe zai faɗi wannan a irin wannan wuri. Magana 20 da aka koya haka sun fi 200 da aka haddace. Ga masu shirin aikin fassara kuwa, matakin farko shi ne a gane cewa azanci ne ke gabanka. In ka gane, nemi takwararsa ta Hausa wadda ta yi daidai a ma'ana da kuma nauyin ladabi. In ba ka samu ba, faɗi ma'ana a fili ba ado. Juya kalma da kalma shi ne na ƙarshe, sai in hoton sananne ne ga mai sauraro.

Muna da abin koyi a gida. Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun fitowarta a 1939, ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce daga littattafan Larabawa da na Turawa, amma ya sake musu riga har mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunci. Muna kuma da ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949, waɗanda ke cike da azancin Hausa da yawancinmu muka daina ji a bakin tsararrakinmu. Ina kira ga wannan ƙungiya tamu ta ɗauki aiki guda a wannan zango: kowane ɗalibi ya kawo maganganun azancin Ingilishi 5 da ya ji an fassara a rediyo ko ya gani a jarida, tare da jimlar da suka fito a ciki, mu zauna da malamanmu mu auna su, mu nemi takwarorinsu a bakin iyaye da kakanni, mu buga abin da muka tace a fitowa ta gaba. Wanda ya ga na kauce a wani misali, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ya kawo tasa hujjar mu ƙaru da juna. Allah ya sa mu dace.